Igiyar Tudu da Gangare

Litinin, bayan an tashi

Sabon Hedimasta ya sake tara mu a ofis. Yaro ne, gemunsa bai gama rufe haɓa ba, amma bakinsa cike da "kishin makaranta". Ya ce daga birni an gaya masa in yara ba su ƙaru ba kafin ƙarshen zango, za a rufe makarantar nan. A raina na ce Allah ya sa. Shekara da shekaru ina neman canjin wurin aiki, ko amsa babu.

Shirinsa shi ne a raba yara gida biyu, Ja da Kore, su yi ta gasa a shara da karatu da tsere da ƙwallo, ranar ƙarshe a rufe da jan igiya a ba da kofi. Ni da aka kawo in koyar da lissafi, ni aka rataya wa usur a wuya, don ni ne ba ni da iyali a nan da zan ce suna jirana. Har waƙar makaranta ya rubuta da kansa, ya miƙe ya rera mana. Duk muka yi ta kallon silin.

A faɗi gaskiya dai, tun da na zo nan shi ne shugaba na farko da ba ya guduwa birni duk ƙarshen mako. Wannan kam na ba shi.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Na raba su. Ba wata wahala. A taron safe kullum yaran layi biyu suke yi, ɗaya ta wajen bishiya, ɗaya ta wajen kangon ajin nan da ba rufi. Na ce na bishiya Ja, na kango Kore, na rarraba ƙyallayen ɗaurawa a hannu. Yaran suka yi ta kallon juna. Na ɗauka murna ce.

Juma'a, da yamma

Abin mamaki. Yaran da suka daina zuwa tun bara sun dawo. Benci ya kasa, wasu a ƙasa suke zaune. Iyaye maza, waɗanda ko kiransu aka yi ba sa zuwa, yau suna tsaye a bakin wayar shingen makaranta suna kallon ’ya’yansu suna shara. Shara fa! Wani har yana ihu, "Ga takarda can bayanka, kai, makaho ne?"

Hedimasta ya riƙe hannuna biyu. "Malam, ka gani? Ban gaya maka ba?"

Na yi tsaki. Na san yaran suna kirana Malam Tsaki a bayan idona. Su yi ta yi.

Na hau tudun bayan makaranta inda ake samun sabis, na kira maman yara. Na ce lafiya lau.

Litinin, lokacin tara

Malamar aji uku ta dawo daga kwas. Ita ’yar garin ce, kuma ita kaɗai ce a cikinmu take min magana kamar mutum. Ta tsaya a ƙofar ofis tana kallon ƙyallayen da ke hannun yara, ko mayafinta ba ta gyara ba.

"Malam, wa ya raba yaran nan?"

"Ni."

"Da me ka raba su?"

"Da layi."

Sai ta nemi benci ta zauna. "Innalillahi. Malam, layin bishiya ’yan unguwar Tudu ne. Layin kango ’yan Gangare. Tun waccan shekarar haka suke tsayawa. Kai duk zamanka a nan ba ka lura ba?"

Ban lura ba. Ni yaro a wurina ko ya iya sau bakwai ko bai iya ba, ban taɓa tambayar ina gidansu yake ba. Sauran malaman sun sani. Sun ce sun zata da gangan na yi, kuma ba su so su yi min katsalandan.

Na ce, "Wace shekarar?"

Ta kalli kangon, ta kalle ni. "Ka karya kuwa yau?"

Talata, da rana

Baƙo ko da ido makaho ne. To amma baƙon shekara nawa?

Alhamis, bayan an tashi

Na gaya wa Hedimasta. Ya ce abu ne mai sauƙi, a cakuɗa su. Muka ɗebi wasu daga Ja muka ba su kore, wasu daga Kore muka ba su ja.

Kafin azahar sai ga Tsohon Soja, wanda duk Tudu ke jin maganarsa, ya shigo ofis ba sallama. Ya ajiye koren ƙyalle a kan tebur da yatsu biyu kamar mushen ɓera.

"Wannan aka ɗaura wa jikata?"

Hedimasta ya ce, "Baba, ai duk ɗaya ne, makaranta ɗaya..."

"Ɗana, kai kana da uba?"

Yana fita sai ga Mai Injin Niƙa, babban Gangare, da nasa jan ƙyallen. Shi dariya yake yi, kuma dariyar ta fi ba ni tsoro. "Malamai, ku bar kaza cikin gashinta. Ku kuka fara, mu ba mu roƙe ku ba. Yanzu a bar yara su gwada, a ga ’ya’yan wa suka sha nono."

Mun mayar da kowa inda yake.

Asabar, da hantsi

Na shiga gari sayen sabulu. An shafa jan fenti a ƙofofin Tudu. A Gangare kore. Mai shagon da nake saye a wurinsa tun zuwana ya tambaye ni, "Malam, kai ja ne ko kore?" Na ce ni alƙali ne. Ya ce, "Alƙali ma gida yake kwana." Ya miƙo min canjina yana murmushi.

Ɗakina a cikin makaranta yake, bayan ofis. Ƙofar langa-langa ce. Yau na fara lura da haka.

Litinin, ƙarfe biyu

Kore ta ci karatu. Ja ta ci tsere. Duk sanda na rubuta maki a allon da ke jikin bango, sai in ji idanu a bayan wuyana. Yanzu maza har kujeru suke kawowa bakin waya, ’yan Tudu ta gabas, ’yan Gangare ta yamma, tsakaninsu fili kamar an share.

Hedimasta yana nan yana fama da waƙarsa a taron safe. Shi kaɗai yake yi. Yaran suna motsa baki.

Talata, da yamma

An tsinci akuyar wani mutumin Tudu a bakin rafi, an yi mata wanka da koren fenti. Tana da rai. Kowa yana dariya, amma ba wanda dariyar ta kai idonsa.

Laraba, da safe

Ba akuya ba ce yau. Wani ɗan aji biyar ne, daga Gangare. Goshinsa a fashe. Ya ce faɗuwa ya yi. Malama ta wanke masa, ta ɗaure.

Ita a Tudu aka haife ta, a Gangare take aure. Ɗanta Kore ne, ’ya’yan yayanta Ja. Ta ce min jiya ta gaishe da yayan nata a hanya, ya amsa yana kallon sama kamar mai neman wata.

Laraba, bayan la’asar

Na je wa Hedimasta na ce a soke.

"In muka soke yanzu wa ke gaba?"

"Ja, da kaɗan."

"To Tudu za su ce mun soke don kada su ɗauki kofi."

"A jira Kore ta wuce."

"Sai Gangare su ce haka."

Gaba kura, baya sayaki. Ya ce kuma mai duba makarantu zai zo ranar, ya riga ya gayyace shi ya ga yadda yara suka cika. Ya cire tabarau yana murza ido. A lokacin na ga yaro ne ƙwarai. Ba mugu ba ne. So yake makarantar ta rayu, kuma ga shi ta rayu, abin da ban taɓa yi mata ba ke nan. Sai dai irin ran da ta yi.

Ya ce yana da dabara. Gabana ya faɗi. Duk sanda ya ce yana da dabara gabana faɗuwa yake yi.

Juma’a, da rana

Dabarar ke nan: kowace unguwa ta tufka rabin igiyar da za a ja, a ƙulle su a tsakiya. Wai igiyar haɗin kai.

Kuma sun yarda! Da gudu ma. Yanzu ana gasar wa zai fi tufka mai kauri.

Na kira gida. Auta ta karɓe wayar, ta ce Baba yaushe za ka zo, haƙorina ya fita. Na ce kwanan nan. Uwarta ta ce muryata ta canza. Na ce mura ce. Lafiya lau.

Lahadi, da hantsi

Na shiga kangon. Duk shekarun nan ban taɓa shiga ba. Bangon ciki baƙi ne har sama. A ƙasa akwai ƙarafan benci da suka lanƙwashe, ciyawa ta fito ta cikinsu. Ƙanana ne. Na ’yan aji ɗaya.

Na fito.

Litinin, bayan an tashi

Ƙwallo kunnen doki. Na yi iya yina ta zama haka, Allah ya yafe min. Na hana Ja wata ƙwallo da ta shiga sarai, na hana Kore bugun da ya cancanta. Duka ɓangarorin sun zage ni har uwata. Na ji wani sanyi a raina da abin ya tsaya a kaina.

Amma Kore ta cike giɓin a shara, da na tara makin duka sai ga su daidai wa daida. Wato igiya ce za ta raba. Ni da kaina na kai mu nan. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

An kawo igiyoyin. Kowace ta kai kaurin hannun yaro. Tsohon Soja da Mai Injin Niƙa suka tsaya a kaina ina ƙullawa, ba wanda ya kalli wani. Da na gama kowa ya ja ƙullin ya gwada. Na ɗaura farin ƙyalle a kai. A nan zan tsaya ranar Asabar, a tsakiya, da usur.

Mai Injin ya ce, "Malam, ka ƙulla da kyau?"

Tsohon Soja ya ce wa iska, "Wasu dai a ja su a ƙasa ba sabon abu ba ne."

Dariyar Mai Injin ta ɗauke.

Laraba, da safe

Na haɗa jakata. Don in gyara ɗakin ne kawai.

Laraba, da yamma

Malama ta tsaya a tagar ajina bayan yara sun fita.

"Maƙerin unguwarmu ba ya zama kwanan nan."

"Damina ta kusa. Fartanya ce."

"Haka mijina ma ya ce." Ta rage murya. "Ƙanana ake sawa a gaban igiya ko, Malam? Kusa da ƙulli?"

"Haka ake yi. Manya a baya."

"Ɗana ƙarami ne."

Na ce zan mayar da shi baya. Ta ce, "Sai a sa ɗan wa a gurbinsa?"

Motar da ke fita daga garin ranar Juma’a take tashi. Na san lokacinta. Ban ce zan shiga ba.

Alhamis, da rana

Na wasa wuƙata. Dama ta dakushe, ta daina yanka albasa.

Juma’a, da hantsi

Motar ta tashi. Na ji ƙararta daga aji, ina koya wa ’yan aji huɗu rabawa. Na yi kuskure a allo, wata yarinya ta gyara min. Na ce ta zauna.

Juma’a, da yamma

Na kira gida. Na ce wa maman yara in an yi albashi ta karɓi katin bankina a wurin ƙanena. Ta ce me ya kawo wannan maganar. Na ce ba komai. Ta ce, "Ka rantse." Sabis ya ɗauke. Ko ni na sauko daga tudun, ban sani ba.

Asabar, da sassafe

Sun fara taruwa. Maza da manyan riguna, a wannan zafin.

Lahadi, da rana

Hannuna na dama ya kumbura, rubutun zai yi muni.

Mai duba makarantu ya zo, aka ba shi kujera a inuwa da ruwan sanyi. Hedimasta ya yi jawabi, ya yi waƙarsa shi kaɗai. Aka shimfiɗa igiya. Yara suka kama, ƙanana a gaba. Ɗan Malama yana kusa da ni har ina jin numfashinsa. A ɗaya gefen ɗiyar yayanta ce, jikar wani, ’yar wani. Na busa.

Ba wanda ya motsa. Farin ƙyallen yana rawa a wuri ɗaya, ya matsa taki ɗaya gabas, ya dawo. Yaran suna nishi. Mata suna guɗa. Ban san tsawon lokacin ba.

Sai wani mutumin Tudu ya tsallako waya ya kama wutsiyar igiyar bayan ɗansa. Na busa usur, ba wanda ya ji. Biyu daga Gangare suka tsallako. Daga nan wayar ma ta kwanta. Maza suka yi ta shigowa suna kama igiya, suna ture yaran gaba, gaba, wajen ƙulli. Waɗanda ba su sami wurin kamawa ba suka taho ta gefe, suna nufo tsakiya. Wani rigarsa ta ɗage. Na ga abin da ke ƙugunsa. Ba fartanya ba ce.

Ƙananan suna tsakani. Ɗan Malama ya saki igiyar yana neman hanyar fita, ba hanya, ƙafafun manya ne ko’ina.

Igiya in ta miƙe haka ba ta son yanka da yawa. Na zaro wuƙata, sau biyu na goga, dab da ƙulli.

Tudu ta zube gabas, Gangare ta zube yamma, uba a kan ɗa, ɗa a kan uba, huluna suna gangarawa. Tsohon Soja ƙafafunsa a sama. Tsakiya ta zama fili, ba kowa sai ni da wuƙar albasa.

Shirun da aka yi, har kukan akuya na ji daga cikin gari.

Mai Injin ne ya fara tashi. "Ya yanke!"

Tsohon Soja daga ƙasa: "Igiyarmu ya yanke!"

"Kwana nawa muna tufka!"

"Wane ne shi? Ɗan gidan uban wa?"

"Baƙon banza!"

Suka yo kaina, duka. Ɗaya ya riƙe hannun rigata na dama, ɗaya na hagu, suna jijjiga ni suna magana ɗaya. Wani ya fizge wuƙar. Wani ya mare ni, ban san ko ja ne ko kore ba. Rigar ta yage, na zare jiki na ruga. Ban yi tunani ba, ƙafata ce ta kai ni kangon.

A bakin ƙofar suka tsaya. Ba wanda ya shigo. Ina durƙushe cikin ciyawa tsakanin ƙarafan nan, ina ganinsu, suna ganina, suna ganin bangon. Ihun ya yi ta raguwa. Sai Hedimasta ya ratso ya tsaya a ƙofar ya buɗe hannuwa, tabarau a karkace, ya ce: "Malamina ne. Duk mai magana ya zo ofis." Yaron nan. Na ce ba mugu ba ne, ban ce jarumi ba ne. To na ƙara masa wannan.

Yara: gwiwa biyu sun kurje, haƙori ɗaya ya fita, shi ma dama yana girgiɗi. Shi ke nan. Na sa Malama ta maimaita min. Shi ke nan.

Litinin, da safe

Ban fita ba. Na tokare ƙofa da tebur.

Talata, da rana

Hedimasta ya kawo min labari. Tsohon Soja da Mai Injin sun tafi birni kai ƙarata, wai a cire musu ni. Motar nan ta Juma’a suka ɗauka shata tare, don ita kaɗai ce. Direba ya ce a gaba suka zauna su biyu, tun daga nan har birni suna zagina, ɗaya na ajiyewa ɗaya na ɗauka, har suka sayi gyaɗa suka raba. Wuƙar suka tafi da ita shaida.

Mai duba makarantu ya rubuta cewa yara sun cika maƙil, iyaye suna da sha’awa matuƙa, sai dai malamin wasanni yana buƙatar a duba lafiyarsa.

Canjin da na yi shekaru ina roƙo, ga shi unguwa biyu sun haɗu suna roƙa min.

Laraba, da yamma

Malama ta aiko min da abinci a kwano mai murfi. Ba saƙo. A gefen kwanon akwai wata tsohuwar wuƙa mai ƙotar itace, dakusasshiya, ko tumatir sai an roƙe ta.

Na kira gida. Maman yara ta yi kuka, ta yi faɗa, ta sake kuka. Na gaya mata rabi.

Har yanzu in an taɓa ƙofa sai na leƙa kafin in buɗe. Fentin yana nan a ƙofofi. Ba wanda ya gaya min abin da ya faru waccan shekarar, kuma na daina tambaya.

Alhamis, bayan taron safe

Na fita. Layi biyu suke har yanzu, na bishiya da na kango, kada in yi wa kaina ƙarya. Ina ɓullowa daga bayan ofis sai wani daga layin bishiya ya ɗauko waƙa, ƙasa-ƙasa, layin kango ya amsa:

Malam Tsaki, Malam Tsaki,
ya ga igiya, ya zaro wuƙa,
Tudu ta faɗi, Gangare ta faɗi,
shi ya faɗa kango ba hula!

Kafin a zagayo na biyu duk makarantar ta ɗauka, da tafi, da buga ƙafa, ’yan aji ɗaya har suna faɗuwa ƙasa suna kwaikwayon Tsohon Soja. Ɗan Malama da ’yar kawunsa suna nuna ni da yatsa daga layi biyu.

Hedimasta ya ɗaga bulala. "Ku yi shiru! Rashin kunya!"

Na riƙe hannunsa. "Ranka ya daɗe, mako nawa kana neman waƙar makaranta?"

Ya kalle ni, ya kalli yaran. Ya sauke bulalar.

Ƙarya suka yi dai a wuri ɗaya. Da hulata na shiga kangon, a ciki ta faɗi.

Alhamis, bayan la’asar

Ba labari daga birni. Jakar tana nan a haɗe, na ciro sabulu kawai.

Ina wanke rigar da ta yage sai na ji wani yana waƙar a hankali. Na ɗaga kai, ba kowa a tsakar makarantar. Ni ne.

Na yi tsaki. Na ƙarasa baitin.